Jinjina ga Masu Tagwaita Faifan Kwamfuta

Akwai ma'aikatan da ba a tunawa da su sai ranar da abu ya lalace, su kuwa duk faɗi-tashinsu kada ranar ta zo ne. Masu kula da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai nake nufi, musamman waɗanda ke tsara yadda Linux zai girka kansa a kan na'urori da yawa ba tare da wani ya zauna yana danna maɓalli ba.

Tun kafin a kunna na'ura sun rubuta fayil ɗin umarni, Kickstart a Red Hat, preseed a Debian. A ciki suke umartar a haɗa faifai biyu su zama tagwaye, wato RAID 1: duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ya shiga ɗayan. Manhajar mdadm, wadda Neil Brown ya fara a 2001, ita ke kula da haɗin.

Haƙurinsu ne ya fi burge ni. Gwani ba ya sakin jiki sai ya zare faifai ɗaya da hannunsa, ya sake kunna na'urar, ya ga ta tashi. Ya san idan manhajar tayarwa, GRUB, tana kan faifai ɗaya kaɗai, ranar da ya mutu bayanai suna nan amma na'ura ta ƙi tashi. Yakan leƙa fayil ɗin /proc/mdstat: UU lafiya lau ke nan, U_ kuwa ɗaya ya faɗi, sai a sauya shi ma'aikata na ci gaba da aiki, bayanan albashi da na marasa lafiya ko ɗaya bai salwanta ba.