Aku Iri Biyu: Fassara da Kwaikwayo

Bara muka bukaci a juya mana darussan masu shirin baftisma daga Turanci zuwa Hausa. Domin gwaji, muka aika da shafi ɗaya wa kamfanoni 3 masu sayar da fassara a intanet. Kowanne ya yi wa kansa kirari cewa aikinsa ba irin na kowa ba ne. Da takardun suka dawo, sai ka ce an buga su da hatimi ɗaya. Inda aka ambaci azumin kwana 40 kafin Ista, dukansu "rance" suka rubuta, gama a Turanci kalmomin nan biyu rubutunsu ɗaya ne. Makafi uku ba su faɗawa rami ɗaya sai ɗan jagora ɗaya ke jan su. Ɗan jagoran nan kuwa na'ura ce. Tun 2013 Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta, waɗansu kuma suka mai da ita gonar da suke girbi ba su yi shuka ba.

Kada wani ya ce ina ƙin koyi. Duk mai fassara yana bin sawun wani ne. Bari mu duba Alhaji Abubakar Imam. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Jamus. Amma ya sa musu riga da rawani, ya ba su fada da kasuwa da bakin Bahaushe, har yaro ya karanta ya ɗauka a garinsu abin ya faru. Mai ba da labaran nan aku ne, amma aku mai tunani, wanda ya san labarin da ya dace da kowane mai sauraro. Akun kamfanonin nan kuwa maimaita sauti kaɗai ya iya.

Haka yake ga Littafi Mai Tsarki. Fassarar 1932, wadda Likita Mila na Zariya ya sha wahala a kanta, ta ce Yesu Kristi. Masu fassarar 1979 sun girmama aikin magabatansu, amma ba su kwafe shi ba. Sun sake auna kalmomi, suka zaɓi Yesu Almasihu, sunan da Bahaushe ya riga ya sani. Mu da muke zaune a ƙasar Sinnar, inda ake kwana da Larabci a tashi da shi, mun san amfanin wannan zaɓi. A ƙauyuka irin su Mai Wurno, jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suna riƙe da Hausarsu har yau. In ka karanta wa tsohuwa a can Hausar na'ura, za ta tambaye ka wane yare ne wannan.

Ga ma'aunin da nake ba shugabannin ikkilisiya. Kafin ku biya kuɗin baiko ga mai fassara, ku karanta aikinsa da ƙarfi a gaban mace ɗaya da yaro ɗaya. In sun iya maimaita ma'anar da bakinsu, aikin na gaskiya ne. In sun yi shiru suna kallonku, ku mayar masa da kayansa. A zamanin Nehemiya, sa'ad da aka karanta Shari'a, Lawiyawa ba su tsaya ga karatu ba, sai da suka fahimtar da jama'a. Yaron da aka koya masa rance a maimakon azumi, mu ne za mu ba da lissafinsa.

Allah ya ba mu masu fassara masu tsoronsa. Amin.