Matan Adar da suka raya fako

A ƙasar Adar, inda gundumomin Keita, Buza da Madawa suke, sare itatuwa da yawan kiwo da farin shekarun 1973 da 1984 sun mayar da filayen kiwo masu yawa fako, wato ƙasa mai tauri wadda ruwan sama ke gudu a kanta ba tare da ya nutse ba. Tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman kwarin Magiya suka fara dasa layukan dogon yaro domin tare iska, amma aikin da ya fi girma shi ne shirin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Yabo mafi tsoka na mata ne, domin a lokacin da mazaje da yawa suka tafi cin rani, su ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai, suka haƙa ramukan tare ruwa a ƙasar da ke karya diga, ladarsu kuwa abinci ne kawai. Miliyoyin itatuwa, musamman dangin ƙaya irin su bagaruwa, sun kama a inda aka fid da rai, ciyawa ta dawo ƙarƙashinsu ta zama maɓoyar zomaye da zabbin daji, madatsun da aka gina a ƙoramu kuma suna riƙe ruwa har cikin rani, inda dabbobin makiyaya da tsuntsayen ruwa ke sha.