Makomar tuɓaɓɓen shugaba: sharhi a kan littafin Frans de Waal

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da fitowar littafin Frans de Waal, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Holand, wanda ya rasu a 2024. An buga shi da Ingilishi a 1982, mu kuwa ta fassararsa ta Faransanci muka san shi, mai suna La Politique du chimpanzé. Na sake karanta shi a hutun bana da tambaya guda a raina: in an tuɓe shugaba a garken biran shimpanze, ina yake nufa?

Marubucin ya shafe shekara 6, daga 1975 zuwa 1981, yana lura da wani garke a gidan namun daji na Arnhem. Ƙarfin littafin yana ga haƙurin kallo. Ya nuna cewa da gaisuwa ake gane matsayi: na ƙasa yakan rusuna gaban na sama yana gajeren gurnani. A 1976, wani namiji mai suna Luit ya daina gaida tsohon shugaba Yeroen, kuma daga nan rikici ya soma. An yi fiye da wata 2 ana ja-in-ja, amma cizo kaɗan aka yi. Abin da Luit ya duƙufa a kai shi ne raba Yeroen da matan garke, waɗanda su ne ginshiƙinsa. Shafukan da suka fi ratsa ni su ne inda tsohon yake faɗuwa ƙasa yana birgima da kururuwa kamar yaron da aka yaye, yana miƙa hannu ko wani zai agaje shi. Da ya rasa mataimaki, sai ya rusuna ya gaida Luit.

To amma tuɓewa ba ta gama da Yeroen ba. Ya ƙulla ƙawance da wani matashi, Nikkie, suka kayar da Luit a 1977. Nikkie ya hau, tsohon kuma ya zama wanda ba a iya mulki sai da shi. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma littafin ya kawo wa wannan magana hujja daki-daki.

Ga inda nake da ja. Bugun farko ya tsaya ne a lokacin da al'amura suka lafa, alhali a watan Satumba na 1980, shekara 2 kafin a buga shi, Yeroen da Nikkie sun far wa Luit da dare cikin keji, bayan ya sake hawa na ƴan makonni. Sun yi masa munanan raunuka, har da fiɗiye shi, ya mutu. De Waal bai ba da wannan labari ba sai a 1986 cikin wata mujallar masana, sannan aka ƙara shi a bugun 1998. Wanda ya karanta na farko kaɗai zai ɗauka siyasar birai wasan dara ce da ba a zubar da jini. A ganina wannan giɓi ne babba, domin ƙarshen Luit shi ne rabin amsar tambayar.

Wani zai ce laifin keji ne, tun da a daji wanda aka kayar yana da wurin gudu. Binciken da ya biyo baya ya rage wa wannan uzuri ƙarfi. A Fongoli, kudu maso gabashin Senegal, wani shugaba mai suna Foudouko ya rasa matsayinsa a 2007, ya yi shekaru yana raɓe-raɓe a gefen garke, da ya nemi komowa sai ƴan garkensa suka kashe shi a 2013. Jill Pruetz da abokan aikinta suka bayyana hakan a 2017. Duk da haka kisa ba shi ne al'ada ba. A Gombe ta Tanzaniya, inda Jane Goodall ta yi aiki, an tuɓe Goblin a 1989 da raunuka masu tsanani, ya warke, ya koma cikin garke ya ci gaba da rayuwa. Makoma uku ke nan: zama dattijon fada, gudun hijira, ko mutuwa. Abin da yakan raba su shi ne abokan da shugaba ya tara tun yana sama.

Ja na biyu yana ga kalmar siyasa kanta. Marubucin ya jingina bayaninsa da Makiyabel, har a Amurka ɗan siyasa Newt Gingrich ya shawarci sababbin ƴan majalisa da su karanta littafin. Haɗarin shi ne ɗalibi ya rufe shi yana cewa danniya halitta ce, babu yadda za a yi. Alhali littafin da kansa ya nuna shugaban da yake daɗewa shi ne mai raba faɗa da tsaya wa raunana, kuma tsohuwa Mama, uwar garke, ta sha sasanta mazan da suka ƙi kallon juna.

Ina ba malamai da ƙungiyoyin al'adu shawara su karanta shi, amma su nemi bugun da ya ƙunshi mutuwar Luit. Sannan a tambayi ɗalibai abin da ɗan Adam yake da shi wanda biri bai da shi. Biri ba ya iya rubuta doka da za ta ƙayyade ranar saukar shugaba, ta kuma tsare masa rai da mutunci bayan ya sauka. Mu muna iyawa, saboda haka ba mu da hujjar fakewa da garken Arnhem.