Jinjina ga Kwamitocin Unguwa Masu Ceto Matasa

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma taramol da wiwi da sholisho ba su bar lungunanmu ba.

Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano sun yi wa ƙaramin gari nisa. Can nauyin ceto masu shaye-shaye ya faɗa wuyan kwamitocin unguwa, wato mai unguwa da liman da iyaye mata da malamin asibiti, mutanen da ba a biyansu ko sisi kan wannan aiki. Su ne ke zuwa gun mai kemis su ja masa kunne. Su ke zaunar da yaron da kowa ya tsana, su kira shi ɗansu, su haɗa kuɗin mota a kai shi ga likita maimakon a ɗaure shi da mari. In ya dawo, su roƙi kafinta ko tela ya karɓe shi, domin sun san zaman banza ke mayar da shi ga shaye-shaye. Wannan haƙurin ya fi kamu wuya, kuma ni a wurina ya fi shi amfani.

Shugabannin ƙananan hukumomi, ku ba waɗannan bayin Allah horo da kuɗin aiki.