Sharhi a kan Kalaman Turanci na Neman Abinci da Yadda Ake Fassara Su

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wasu kalamai da Bature ke amfani da su idan yana maganar yadda mutum ke samun abin riƙe rai, sa'an nan a nuna inda masu fassararmu na rediyo da jaridu ke tuntuɓe a kansu.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi, shi ne burodi ya mamaye wannan fage. Mai ɗauke da nauyin gida shi ne "breadwinner". Sana'ar da mutum ya dogara a kanta ita ce "bread and butter". Wanda talauci ya yi wa katutu kuwa an ce yana "on the breadline", wato layin masu jiran sadakar burodi, irin wanda aka gani a biranen Amurka bayan karyewar tattalin arziki ta 1929. Abin ya samo asali tun da nisa, domin ita kanta kalmar "lord" a tsohon Turanci ma'anarta mai tsaron burodi, "lady" kuma mai kwaɓa shi. A nan aikin mai fassara da sauƙi, muddin ya tuna cewa burodin Bature shi ne tuwon Bahaushe; namu burodin abokin shayi ne kawai. Haka nan "hand to mouth" ya dace tsaf da "hannu baka hannu ƙwarya".

Inda gizo ke saƙa shi ne "make ends meet". Sau da yawa nakan ji an mayar da shi "rufin asiri", har ɗalibaina ma sun ɗauka magana ta ƙare. Kunne ya yarda, amma ma'anar ba ɗaya ba ce. Kalamin Turancin maganar lissafi ce zalla: abin da ya shigo ya ishi abin da zai fita, ko da da ƙyar. Babu ruwansa da idon jama'a. Shi kuwa rufin asiri, gaba ɗayansa a kan idon jama'a ya ginu, wato kada maƙwabci ya gane ba a ɗora tukunya ba. Alal misali, magidanci na iya cin bashi a ɓoye wata da watanni, lissafinsa bai haɗu ba, amma asirinsa a rufe. Wani kuma lissafinsa ya haɗu ta hanyar roƙo, asirinsa a tone. Nahawun ma ya bambanta: a Turanci mutum ne ke aikata aikin, a Hausa kuwa galibi Allah ake roƙo ya rufa asiri. A ganina "samun abin kaiwa ƙarshen wata" ya fi kusa, duk da rashin armashinsa.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne na "minimum wage" da "living wage". Na farko adadi ne da doka ta yanke, kuma an daɗe da daidaita fassararsa da "mafi ƙarancin albashi": naira 125 a 1981, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Na biyu ba doka ba ne, awo ne, wato kuɗin da zai ciyar da ma'aikaci da iyalinsa, ya biya haya da magani. Jayayyar ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnati a 2024 galibi a kan tazarar da ke tsakanin biyun ta tsaya. Amma na ji wani mai karanta labarai ya haɗe su da suna guda, sai shugabannin ƙwadago suka zama tamkar suna neman abin da aka riga aka ba su. Ma'aikacin da Hausa kaɗai yake ji, ta yaya zai gane dalilin yajin aikin da aka kira shi? Ina ba da shawarar a riƙa cewa "albashin riƙon gida".