Kantar da Ke Bin Kasuwa

Ɗan kolin da ke cin kasuwannin ƙasar Daura, wata rana Mai'aduwa, wata rana Zango ko Baure ko Sandamu, rabin makonsa a hanya yake ƙarewa. Ban da hajarsa, yana tafe da tamfol da sandunan rumfa, da tabarma da buta da fitila mai caji, da bargo in hunturu ya kama. Haka ma barorin doki da ke rako hakimai cikin gari lokacin Sallar Gani, ga sirdi da linzami da likkafa, ga kayan kwana. In aka cusa irin waɗannan a buhu ɗaya, abin da ake nema shi ke can ƙasa, fitila ta fashe, tamfol ya huje. Maganin abin shi ne kanta ta ƙarfe mai hawa uku ko huɗu, wadda za ta tsaya a zaure riƙe da kaya, ranar tafiya kuma a ɗora ta bayan kurkura ko akori-kura.

Gwanin mai walda yakan haɗa ta da siririn bututun ƙarfen nan da ake zura wayar lantarki a ciki, irin wanda ake sarowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai kaurin milimita 25 ya yi ƙafafu, mai 20 ya yi gicciye. Me ya sa ba rodi ba? Domin idan ƙarfe zai lanƙwashe, bayansa ne ke ɗaukar wahalar, tsakiyarsa kusan nauyi kawai take ƙarawa. Bututu kamar gora yake, ciki rami amma ga tauri. Shi ya sa mutum ɗaya ke iya ɗaga kantar da za ta riƙe kayan da suka ninka ta nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya fara taɓa bututun. Tef yake ɗauka ya auna bayan motar, ya auna ƙofar zauren da kantar za ta riƙa shiga, ya sa a naɗe tamfol a gabansa ya ga tsawonsa. Sai ya tambayi mai kaya, "Alhaji, me ya fi nauyi a ciki, me kuma kake fara saukewa in ka isa?" Daga amsar nan yake fitar da tazarar kowane hawa, ya zana da alli a kan siminti.

Wajen yanka, yakan jera ƙafafu huɗun ya ɗaure su wuri guda, ya ja layi ɗaya a kansu, don kada wata ta ɗara wata ko da ƙwayar gero. Zarto yake ja a hankali, dogon ja, yana juya bututun kaɗan-kaɗan don kada haƙoran su maƙale a siririn bangonsa. Sannan ya bi bakin da magagari ciki da waje. Wannan kaifin da ake rainawa shi ke yanka tafin hannu, shi ke keta tamfol. In kuma akwai inda za a lanƙwasa, sai ya ɗura busasshen yashi a ciki, ya toshe baki biyu da katako, ya tanƙwara a jikin wani abu mai zagaye. Yashin ke tokare bango daga ciki, ya hana bututun loɓawa.

Kafin wuta ta taɓa ƙarfe sai kusurwa ta daidaita. Yana da sikwaya, amma ya fi yarda da awo: santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakanin alamun biyu ya ba da 100 cif, kusurwa ta tsaya. Daga nan ya auna daga wannan lungu zuwa na can a karkace, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Dole su zo ɗaya.

Walda ita ce inda ake gane wanda ya daɗe a sana'a. Bangon wannan bututu bai kai kaurin milimita 2 ba, wuta ta ɗan yi yawa sai rami. Don haka yakan rage ƙarfin injin, ya ɗauki siririn tsinken walda mai lamba 12, ya riƙa ɗigawa yana ɗagawa, ɗigo kan ɗigo, yana barin jan ya dushe kafin ya koma. Ba ya gama kusurwa ɗaya kafin ya taɓa sauran. Ƙarfe in yana hucewa janyewa yake yi, ya ja firam ɗin gefensa, saboda haka sai ya ɗiga nan, ya tsallaka kishiyar kusurwa, ya sake awo, sannan ya cike. Farin rufin da ke jikin bututun, wato sinadarin zinki mai hana tsatsa, yakan kankare shi daga inda wuta za ta bi, domin farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki. Wasu na cewa a sha madara. Madara ba ta tare hayaƙi. Aiki a fili ke tarewa, iska tana kaɗa shi nesa da fuska. Yaron shago kuwa kullum ana jan kunnensa, "Kai, kau da idonka, ko ka ɗau gilashi!"

Tatsuniyar kafuwar garin Daura ma ba ta manta da maƙera ba: wuƙar da Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ita, maƙeran Gaya aka ce suka ƙera. Zuga-zugi ya koma janareta, amma har yanzu launin ƙarfe ake karantawa. 

Ba ko'ina ake waldawa ba. Gefuna biyu masu siffar tsani su ake haɗewa dindindin. Gicciyen da ke tsakaninsu kuwa, sai ya ɗora bakin kowanne a kan maƙera ya daddaƙe da guduma har ya baje, ya huda, ya ɗaure da noti. Ta haka kantar ke warwarewa da sifana ɗaya in mota ta yi ƙaranci. A baya yakan ratsa bututu ɗaya daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Murabba'i na iya karkacewa ba tare da ko ɗaya daga gefunansa ya canza tsawo ba, mai kusurwa uku ba ya iyawa, kuma wannan sanda guda ita ke hana kanta rangaji a hanyar burji. In mai kaya ya nemi a faɗaɗa, yakan ƙara ƙafa a tsakiya, don ya san in aka ninka tazara biyu, nauyi iri ɗaya a tsaka zai lotsa bututun ninki takwas.

Saura ƙananan abubuwa: faifan ƙarfe a tafin kowace ƙafa don kada ta nutse a yashi, ɗan shinge a bakin kowane hawa, ƙugiyoyi na igiya, jan fenti a duk inda aka kankare, sannan falankin katako. Kaya masu nauyi a hawan ƙasa, tabarma da bargo a sama, tamfol a bakin da hannu zai fara kaiwa. Yakan ce a dawo masa da ita bayan tafiyar farko, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaurewa, ya duba kowace walda ko girgizar hanya ta tsaga ta.