Kagara a Rayuwar Abubakar Imam: Wani Gurbi a Nazari

Kusan duk wanda ya rubuta wani abu game da Alhaji Abubakar Imam yakan fara da cewa an haife shi a Kagara cikin 1911. Daga nan sai a wuce Katsina, a zarce Zariya, ba a sake waiwayar garin. Wato Kagara ta zama amsar tambayar jarrabawa kurum. Dalilin haka a fili yake: Imam ya bar gida tun yana yaro, ya koma Katsina wajen wansa Malam Bello Kagara, a can ya yi karatun zamani har Kwalejin Katsina, ya kuma koyar. Zariya kuwa nan ya shafe fiye da shekara goma yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta a 1939, nan kuma ya rasu a 1981. Ko a suna, wan ne aka fi sani da Kagara.

Duk da haka, akwai abin dubawa. Kagara, wadda ke kan hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari, ba ta cikin tsakiyar ƙasar Hausa. Gefe ce, inda Hausawa ke cuɗanya da Kamukawa da wasu al'ummu masu harsunansu, mahaifinsa kuma, Malam Shehu Usman, malami ne mai asalin Barno. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yakan gane da wuri cewa Hausa harshe ne na haɗa mutanen da ba su gaje ta duka ba. Idan aka riƙe wannan a zuci aka koma ga rubutunsa na jarida, sai a ga sauƙin Hausarsa ba koyarwar Dokta East kaɗai ba ce, kamar yadda wasu manazarta suke ɗauka. Jaridar da ake karantawa a zaure, mutum ɗaya na karatu goma na saurare, wasunsu ma Hausar kasuwa suka iya, tana bukatar editan da ya san irin wannan kunne. Ba a ce wannan hujja ce yankakkiya ba, amma ta fi ƙarfin a yi watsi da ita.

Littattafan 'yan'uwan biyu ma suna nuni ga yankin. Gandoki na Bello da Ruwan Bagaja na Imam, waɗanda suka fito daga gasar 1933, duka sun ɗaura taurarinsu ga Kwantagora, ba Katsina ba, alhali a Katsina aka rubuta su. (Abin lura ne cewa babban garin yankin suka zaɓa, ba mahaifar Imam ba, ga alama ƙaramin gari bai isa ya haifi jarumi ba a idon mai karatu na lokacin.)

Babban laifin yana wuyan masu nazari. An yi ta jujjuya Magana Jari Ce ana fito da tushen labaranta na Larabawa da Turawa, amma sharhunan Imam na jarida, waɗanda a cikinsu ya yi magana kan mulkin En'e da ilmi da matsayin Arewa, ba su sami rabin wannan kulawa ba. Mutumin da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Azikiwe, ya gana da Lugga, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan siyasa ne mai alƙalami kafin ya zama komai a majalisa. Tambayar da ta dace ita ce: da yawun wa ya yi magana? Na 'yan boko na Zariya da Kaduna, ko har da na talakan ƙauye irin wanda ya bari a Kagara? Amsar tana cikin tsofaffin kofen Gaskiya, ba cikin tatsuniyar aku ba.

Akwai kuma abin da ya shafi garin kansa. A Fabrairun 2021 sunan Kagara ya cika kafofin labarai na duniya saboda sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin. Da yawa daga cikin 'yan jaridar da suka watsa labarin da Hausa, magada ne ga aikin da ɗan garin ya fara a 1939, ko sun sani ko ba su sani ba.